Masu Rayar da Tsofaffin Agogo a Matameye

Hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure da Daura, ta ratsa Mai'adua ta kai Kwangwalam, ba ta sauya harshe idan ta tsallaka iyakar Nijar. A Ɗan Barto allunan hanya ne ke komawa Faransanci, kakin jami'ai ya canza launi, amma gaisuwa ɗaya ce, fura ɗaya ce, lokaci ma ɗaya ne. Ƙarfe goma a Daura shi ne ƙarfe goma a Damagaram, don haka matafiyi ba ya taɓa agogonsa. Daga iyakar zuwa Matameye tafiya ce kaɗan, kuma abin da ke cika ido a gefen titi shi ne gawo. Gonaki ne shimfiɗe, kowacce da itatuwanta, kore shar a tsakiyar rani, domin gawo da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana. Tun wajen shekarun 1980 manoman Matameye da Magarya da Mirya suka daina sare tohon da ke fitowa a gonakinsu, suka koma yi masa sassabe suna renonsa, har masu bincike daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo.

Garin Matameye shi ne mazaunin mulkin gundumar Kance, kuma mararraba ce: hanya ɗaya ta yi arewa ta Takeita ta haɗu da babban titin da ke shiga Zinder, ɗaya ta nufi Magarya. Rake ake sauke wa dami-dami daga fadamu, a kasuwa kuwa sefa da naira duk suna ci. A cikin wannan kasuwa, tsakanin masu gyaran rediyo da masu sayar da fitila, na tarar da sana'ar da na ɗauka ta riga ta mutu a ƙasar Hausa.

Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a ciki ba. A bakin ƙofa akwai akwatin gilashi, an jera agogon batir na yayi a sama, irin waɗanda samari ke saye. Can ƙasa, a kan wani ƙyalle, tsofaffin suke kwance: Seiko 5 mai lambobin Larabci, Orient mai taurari uku a fuska, Citizen, West End, da Rado biyu masu ruwan zinare. Mai shagon dattijo ne, madubin ido ɗaya rataye a wuyansa, gabansa hantsaki da 'yan sukundireba sirara da kwalbar mai wadda ba ta kai ɗan yatsa ba. Na yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ba, sai da ya gama zaunar da wani ɗan ƙusa a mazauninsa sannan ya miƙo hannu.

Muna cikin gaisawa wani tsoho ya iso, ya kwance agogo daga hannunsa.

"Sannu da aiki, Malam. Tun jiya da la'asar ya tsaya mini."

Mai shagon ya buɗe bayan agogon, ya kara madubi a ido.

"Baba, ba ciwo ba ne, ƙura ce. Ka bar mini shi ya kwana biyu."

"To ladanci fa?"

Sai mai shagon ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko wani agogo ya ɗaura wa tsohon a hannu, aro, ba rubutu ba jingina. Tsohon ladan ne a wani ƙauye. Ga shi yana da wayar salula a aljihu, amma waya sai da caji, caji kuma sai da wuta. Mutanen yankin sun san wannan a jikinsu: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take turawa, alhali a lokacin daga can mafi yawan lantarkin ƙasar ke zuwa. Agogon da motsin hannu ke ciyar da shi bai san an yi ba.

Tambayar da na fara yi wa mai shagon ita ce daga ina waɗannan agogon suke fitowa, tunda ba sababbi ba ne. Amsarsa tarihin yankin ce a taƙaice. Wasu sun shigo ne a zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke sayen amfanin manoma, mutum ya karɓi kuɗin kaka ya sayi keke da rediyo da agogo, kafin farin 1973 ya karya noman. Wasu 'yan ci-rani ne suka zo da su daga Kano da Legas a shekarun da kuɗin fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika kasuwannin Najeriya da kaya. Amma mafi yawa tsarabar Makka ne. Alhaji ba ya dawowa ba tare da agogo ba, nasa da na ɗan'uwa da na suruki, shi ya sa kake ganin ranakun mako da Larabci a 'yar tagar da ke gefen ƙarfe uku. Yau masu su sun tsufa ko sun rasu. In an zo rabon gado, magada su rasa yadda za su yi da agogon da ya daɗe a tsaye, sai su kawo shi kasuwa.

Nan ne na ga abin da ya burge ni ƙwarai. Idan magaji ya kawo agogon mahaifinsa zai sayar, dattijon ba ya saurin taya shi. Yakan fara faɗa masa kuɗin gyara, ya ce in an wanke an sa mai zai yi aiki shekaru, ko ba ka so ka riƙe? Sai in yaron ya nace ne ake ciniki. Na ce masa, Malam, ai kana korar riba da hannunka. Ya ce wanda ya riƙe agogon ubansa zai dawo wanki, zai dawo canjin gilashi, zai turo ƙaninsa. Wanda ya sayar kuwa sau ɗaya za ka gan shi. Lissafin ɗan kasuwa ne, amma akwai mutunci a cikinsa, kuma ban ga inda ɗaya ya rage wa ɗaya komai ba.

Seiko 5 shi ne ginshiƙin shagon, kuma a kansa ya fi daɗewa yana yi mini bayani. Kamfanin Seiko na Japan ya fito da shi a 1963, agogo mai arha wanda ba ya bukatar a riƙa yi masa wani kullum. A bayansa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin da'ira da ke lilo duk lokacin da hannu ya motsa, lilon nan ne ke naɗe sifirin, sifirin kuma ya riƙa sakin ƙarfinsa a hankali ta cikin ƙafafu masu haƙora har ya kai ga wata 'yar ƙafa mai kai da komo. A irin waɗanda suka fi yawa a hannun mutane, tana bugawa sau shida a daƙiƙa, wato sau 21,600 a awa. Duwatsu 21 da ake rubutawa a fuskar agogon ba ado ba ne. Yaƙutu ne na haɗi, ƙanana, da ake sa wa a inda ƙarfe ke juyawa don kada ya ci kansa. Maƙiyinsu ɗaya ne a wannan ƙasa: ƙurar hunturu. Tana shiga ta wuyan agogo, ta haɗu da tsohon mai ta zama laka, sai ka ga agogo ya fara jinkiri kafin ya tsaya. Maganinsa a warware shi gaba ɗaya, a wanke kowane ƙarfe da fetur mai tsabta, a busar, a mayar, a ɗiga mai da bakin allura. Mai in ya yi yawa, in ji shi, ya fi rashinsa ɓarna.

Ya nuna mini yadda ake karanta shekarun Seiko daga lambar da ke bayansa. Lamba ta farko ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata, sai dai Oktoba da Nuwamba da Disamba da harafi ake rubuta su. Wace goma ce ta shekaru, wannan sai wanda ya san injin ya faɗa. Da wannan ilimi yake kare kansa daga jabu, domin kasuwar tsohon agogo cike take da shi. Akwai Rado na ƙarya da ruwan zinarensa ke goguwa a wata ɗaya, alhali na gaske, irin DiaStar da aka fara yi a Suwizalan a 1962, an yi jikinsa da ƙarfe mai taurin da da wuya ya karce. Akwai kuma waɗanda ake harhaɗawa a Indiya daga gawarwakin agogo daban-daban, a yi wa fuskar sabon fenti, a turo su kamar na asali. Dattijon yana sayar da irin waɗannan in sun faɗo hannunsa, amma yakan faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake saye, kuma kuɗinsu daban.

Kada mai karatu ya ɗauka tsofaffin nan ne ke ciyar da gida. Cefanen yau da kullum daga canjin batir yake fitowa, da sa igiya, da rage sarƙa, da sayar da Casio da 'yan uwansa. Tun ranar 25 ga Disamba 1969, da Seiko ɗin nan dai ya fitar da agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar kwaz, sana'ar ta juya. A Suwizalan kanta ma'aikatan agogo sun ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Tsohon agogo yakan yi watanni a gilashi kafin ya sami mai shi. Kasuwarsa tana buɗewa ne da kaka, da gab da Sallah, da lokacin da ango ke neman abin da zai ɗaura ranar ɗaurin aure. Farashinsa da jikkar sefa yake yankewa, ko da mai saye naira ya riƙo, domin sefa ɗaure take da yuro, naira kuwa tun 2023 ba ta kwana inda ta yini ba.

Ba ya barin agogon da ya gyara ya fita a ranar. Yakan rataye shi, ya gwada shi da lokacin labarai a rediyo safe da yamma, ya kwantar da shi a bayansa, ya kifa shi, ya jingina shi, domin agogo yana iya yin daidai a kwance ya yi gaggawa a tsaye. Sai ya gamsu sannan ya kira mai shi.

A Turai da Amurka tsohon agogo ya zama kayan masu tarawa. A 2017 an yi gwanjon Rolex na ɗan wasan kwaikwayo Paul Newman a New York a kan dala miliyan 17.8, kuma irin wannan a akwatin ƙarfe yake ƙarewa. Na fi ganin girman abin da ake yi a Matameye, inda agogon da ya haura shekara arba'in yake hannun ladan, da direban da ke jigila tsakanin Zinder da iyaka, da malamin makaranta, yana aikin da aka ƙera shi domin shi. Na tuna teburan masu gyaran agogo da a da suke jere a Sabon Gari da bakin Bata a Kano. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 suka yi ta raguwa, yaran da za su gaje su kuma suka nufi Farm Centre koyon gyaran waya. Ban ga laifinsu ba, can abinci yake. Amma ilimi ne muka bari ya zube.

Dattijon yana da yaro ɗaya da ke koyo, ɗan ƙanwarsa, wanda ya riga ya iya warware inji ya mayar ba tare da ya bar ƙusa a tebur ba. Damuwarsu ba rashin masu kawo aiki ba ce, kayan gyara ne. Sifirin da gilashi da wuyan agogo na tsofaffin samfura ba a samunsu sababbi a kusa, sai a ciro daga wani da ya mutu. Shi ya sa yake da gwangwanaye cike da matattun agogo, kowanne da irinsa, ya ware su yadda manomi ke ware iri. Duk sanda wani ɗan kasuwa zai shiga Kano ko Maraɗi, yakan ba shi sautu ya tambayo masa ko akwai mai tsohon Seiko ko Orient da ya lalace, komai lalacewarsa. Irin waɗannan kuwa suna nan jibge a gidajenmu, cikin adaka da aljihun tebur, tun bayan rasuwar iyaye. Motocin Daura da Kwangwalam kullum suna tashi daga Kano, kuma a Matameye ko agogon da ruwa ya ci ana sayensa saboda ƙusa ɗaya da ke cikinsa.