Hannun da Ya Shanye Yana Jiran Naka



A yankinmu na Kura da Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga yake shayar da gonakin shinkafa, alkama da tumatir, hannu shi ne jarin mutum. Da shi ake dashe, da shi ake riƙe lauje. Shi ya sa dattawan da hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki sukan ce mini, "Fasto, ko maɓallin rigata sai an sa mini."

Ɗalibaina a kwalejin tauhidi sun tambaye ni game da mutum-mutumin da ake gashin hannu da shi a ƙasashen waje. Akwai shi. Injiniyoyin jami'ar MIT a Amurka sun ƙera wani mai suna MIT-Manus. Majinyaci yana riƙe maƙamarsa, yana bin alama a allon kwamfuta, in hannu ya gaza sai na'urar ta taimaka. Cikin awa ɗaya za a motsa hannun kusan sau 1,000, kuma maimaici ne yake sa ƙwaƙwalwa ta koyi sabuwar hanyar sarrafa hannu.

Amma ga abin da ya ƙarfafa ni. A binciken da aka wallafa a 2010 kan tsofaffin sojojin Amurka 127, na'urar ba ta fi ma'aikatan gashi ba, muddin sun ba majinyaci lokaci da motsi daidai da nata. Ashe fifikonta shi ne ba ta gajiya.

A Markus sura 3, Yesu ya umurci mai shanyayyen hannu ya miƙa shi a tsakiyar majami'a, ba a ɓoye ba. Namu kuwa sau da yawa suna ɗaka, kunya ta hana su zuwa sujada.

Ba mu da kuɗin na'ura, amma muna da zumunta. Ku raka baba sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ku koyi motsin da aka nuna masa. Ku riƙa zuwa gida biyu-biyu, ku zauna ya tsinci wake, ya ɗaga kofi, kuna ƙirga masa. Kada ku ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar za ta ji rauni. Ku tuna masa da maganin hawan jini.

Ya Uba, ka ba mu haƙurin da ba ya ƙosawa. Cikin sunan Yesu, Amin.