Takarda a Cikin Littafi Mai Tsarki

A Aboabo, cikin Zangon Kumasi, akwai wata gwauruwa mai sayar da koko da ƙosai a bakin hanya. Asalinta daga wajen Bawku ne, amma kamar yawancin 'yan arewa da suka daɗe a Zango, da Hausa take ciniki, da ita kuma take addu'a. A farkon 2021 ta kama ɗaki a wani gidan haya mai ɗakuna shida, sidi 150 a wata. Mai gidan wani Alhaji ne da ke zaune a Akra. Mai karɓar masa haya kuwa ɗan'uwa ne a ikkilisiyarsu, yana ma cikin mawaƙa.

Dokar haya ta Gana, ta shekarar 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida. Amma wa ke bin ta? A Kumasi, wanda ya nace a kan wata shida sai ya kwana a Kejetiya. Ta kwashi adashinta ta biya shekara biyu, sidi 3,600, da ajiya 300 saboda ɓarna. Aka ba ta takarda. Ba ta iya karatu ba, sai ta sa ta cikin Littafi Mai Tsarki na marigayi mijinta.

Bayan wata goma sha takwas ɗanta ya sami wuri a Asawase, ya ce ta koma wurinsa. Sauran hayar wata shida da ajiya sun kama sidi 1,200. Ɗan'uwan nan ya kawo mata 400.

Ta ce, "Ɗana, ina sauran?"

Ya ce, "Mama, fenti 300, ƙofa 200, bashin wuta 300. Umurnin Alhaji ne."

Ta kwana uku ba ta yi barci ba. Sidi 800 jarinta ne na gero da wake da mai. Maƙwabta suka ce ta tafi ofishin gwamnati mai kula da haya, wanda ake kira Rent Control, inda akan kira mai gida da ɗan haya a saurare su, in sulhu ya ƙi a tura su kotu. Hanya ce halal, dominta aka buɗe ofishin. Amma ta sha jin wa'azi daga Korintiyawa ta Fari, sura 6, a kan kai ɗan'uwa ƙara, sai zuciyarta ta tsaya. Abin baƙin ciki ne yadda wannan sura takan ɗaure wanda aka cuta, wanda ya yi cutar kuwa yana rera waƙa ran Lahadi.

Ta je wurin wani dattijon ikkilisiya, tsohon tela. Bai ce mata ta yi haƙuri ba. Ya tuna mata tsarin da ke cikin Matiyu sura 18: a fara magana tsakanin mutum biyu, in bai ji ba a zo da shaidu. Ya ce, "'Yata, kin riga kin yi na fari. Kawo takardar."

Ashe a bayan takardar, ranar da ta shiga ɗakin, ɗanta ya rubuta cewa ƙofar a tsage take, ɗan'uwan kuma ya sa hannu. Ran Asabar dattijon ya tafi gidan tare da shugabar zumuntar mata. Suka nemi takardar wuta, suka ga 300 ɗin bashin gidan ne duka, gama mita ɗaya ce. Rabon ɗakinta 50 ne. Sa'an nan dattijon ya kira Alhaji a waya a gaban kowa. Alhaji ya yi salati, ya ce bai ma san matar ta tashi ba, balle ya ba da umurni.

Ɗan'uwan ya sunkuyar da kai. Gwauruwar ce ta fara magana. Ta ce hayaƙin suyarta ya baƙanta bango ɗaya, gaskiya ne, a cire 100. Aka cire, da 50 na wuta, saura 650.

Ba shi da su a hannu, ya riga ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Aka rubuta sabuwar takarda, zai biya sau uku. Na ƙarshe ya shigo a watan Disamba 2022, dattijon ne ya kai mata har Asawase. Ta ƙirga, ta ɗaure a bakin zane, ta tambaye shi ko yaron ya koma cikin mawaƙa. Ya ce tukuna, a bayan majami'a yake zama.