Ƙ Ɗin da Ta Ɓata Mana Bango



Mu da ke haɗa bangon littafi da kanmu a waya mun san daɗin zaɓen salon haruffa. Akwai waɗanda kai ka ce da burushi aka zana su, masu ƙiba da rangwaɗa irin na bayan tifa. Irinsu muka zaɓa wa labarinmu na farko, "So Ya Ƙare". Muna rubutawa sai Ƙ ta fito daban, 'yar siririya a tsakiyar ƙarti. Da muka gaji muka maye gurbinta da K. Ai kuwa masu karatu suka yi ta tambaya: wa son ya kare?

Daga baya muka gane dalili. Mai zana haruffa ɗaya bayan ɗaya yake zana su, kuma yawancin masu zana na ado a haruffan harsunan Turai suke tsayawa. In babu ƙ, ɗ ko ɓ, sai manhaja ta aro daga wani salo, ko ta nuna ɗan akwati. Andika na SIL da Noto Sans na Google suna da su, sai dai don sauƙin karatu aka yi su, kwalliyarsu kaɗan ce.

Yanzu duk salon da ya burge mu, sai mun gwada shi da "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya", manyan baƙaƙe da ƙanana. In ya kasa, mu rubuta sunan littafin da hannu a farar takarda, mu ɗauki hotonsa mu ɗora a bango. Ku ma ku gwada kafin ku saki naku.