Gyaran Rariya

Kowane gida yana da ƙofa biyu. Ɗaya ita ce ta zaure, inda mutane su ke shiga su fita. Ɗayar kuwa ita ce 'yar kafar nan ta gindin katanga, wadda mu ke kira rariya, inda ruwan wanka da na wanke-wanke da na sama ya ke bi ya faɗa kwata. Ƙofar zaure kullum ana share ta, ana yi mata yayyafi. Amma rariya ba mai tunawa da ita sai ran da ta toshe. Ni kuwa a ganina, in kana so ka san tsabtar gida, zaga baya ka dubi rariyarsa.

A Sabon Garin Zariya aka haife ni, yanzu kuwa ina zaune a Samaru. Sabon Gari ya kafu ne bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya cikin 1911. Samaru kuwa ta bunƙasa saboda gonar gwajin aikin noma da aka buɗe cikin 1922, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa cikin 1962. Tun daga sa'an nan mutane su ke ta ƙaruwa, gidaje suna matsuwa, har ya zama ruwan gidan wani ba shi da hanya sai ta ƙofar gidan wani. Daga nan ya yi ta gangara, mai yawa daga cikinsa ya faɗa rafin Kubanni, Kubanni kuma ta kai shi kogin Galma.

Ruwan nan ba kaɗan ba ne. A ƙasar Zariya a kan yi ruwan sama kamar mita 1 a shekara, ya fi ƙarfi kuwa cikin watan Agusta. To, ku yi lissafi. In tsawon tsakar gida mita 10 ne, faɗinsa kuma mita 10, ruwan da zai zuba a kansa cikin damina ɗaya ya kai lita 100,000, watau jarka 4,000 mai cin lita 25. Wanda ƙasa ba ta shanye ba duk ta 'yar kafar nan zai fita.

Sa'ad da na ke aji huɗu, muna zaune a wani gidan haya mu iyali shida. Rariyarmu ta yi kamar mako biyu tana jan ruwa da ƙyar, kowa yana gani, kowa yana tsallakewa. Ran nan da dare aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin asuba tsakar gida ya zama tafki, ruwa ya shiga ɗakuna, tabarmi da buhunan hatsi suka jiƙe. Katangar ƙasa ta sha ruwa daga gindi, ta rushe a kan akurkin wata tsohuwa, kajinta huɗu suka mutu. Allah ya kiyaye ba mutum a wurin.

Da gari ya waye, babana ya tara mazan gida, ya ce a fito da shebur. Sai wani ya ce, "Haba Malam, ai wannan aikin mai gida ne. Mu haya mu ke biya."

Baba ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Amma shi mai gida a ɗakinsa ya kwana lafiya lau. Ruwa kuwa a namu ɗakin ya kwana."

Kowa ya yi dariya, aka kama aiki. Ni aka ba ni riƙon bokiti, saboda haka na ga abin da aka fitar: ledojin ruwan sha, da soson wanka, da ƙasusuwa, da tokar wanke tukunya wadda ta daskare da yashi, har da takalmin wani yaro da aka yi wata guda ana cigiya. Tsohuwar nan ta duba, ta girgiza kai, ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Duk abin da ya toshe rariyar mu muka zuba shi da hannunmu.

Ga yadda na koyi aikin ran nan. Da fari, daga ƙasa a ke farawa, ba daga sama ba. A fita waje a yashe kwata tukuna, domin ruwa ya sami wurin zuwa. In an buɗe rariya alhali kwata tana cike, ruwa zai komo cikin gida. Sa'an nan a zura doguwar gora ko ƙarfe mai ƙugiya a baki, a riƙa jawo datti waje. Kada a tura shi gaba, gama wannan kai wa maƙwabci wahala ne. Abin da aka kwaso a tara shi gefe ya tsane, a ɗauke shi a kai juji tun ran nan. In an bar shi a bakin kwata, ruwan gobe zai mai da shi ciki, aiki ya zama na baban giwa. Daga ƙarshe a kwarara bokiti biyu ko uku na ruwa, a tsaya a gani ko yana gudu sosai.

A gidan da na ke yanzu a Samaru, ruwan wanke-wanke ta bututu ya ke fita. Shi kuwa babban abokin gābansa maiƙo ne. Kitse da manja su kan bi ruwa da ɗumi, in sun huce su daskare a jikin bututu, musamman da hunturu, sa'an nan ƙwayar shinkafa da gashi su maƙale a kai. Maganinsa ruwan zafi da sabulu, a zuba da kaɗan-kaɗan. In ya ƙi, a kife robar nan mai kama da ƙoƙo a bakin kafar, a riƙa dannawa ana ɗagawa har abin ya motsa. In kun leƙa ƙarƙashin wurin wanke kwanuka za ku ga bututun ya lanƙwashe kamar gwiwa. An yi shi haka ne don ruwa kaɗan ya tsaya a ciki ya tare wari. A nan datti ya kan taru. Babba yana iya tara bokiti, ya kwance gwiwar, ya wanke, ya mayar.

Amma ku kula da kanku. Kada yaro ya sa hannu tsirara cikin rariya, gama akwai fasasshen kwalba, wani lokaci har kunama. Kada ya taɓa magungunan nan masu cin fata da a ke zuba wa bututu. Kada ya shiga kwata sa'ad da a ke ruwa, ko da bai wuce gwiwa ba. Ramin da ƙazamin ruwa ke taruwa kuwa, ko babba bai kamata ya shiga ba, domin iskar cikinsa tana kisa. Wannan aikin gwanaye ne. In an gama, a wanke hannu da ƙafa da sabulu.

Akwai wani dalili kuma da ya fi rushewar katanga. Sauro a ruwan da ya kwanta ya ke yin ƙwai, cikin kamar kwana 10 ƙwan ya zama sauro mai cizo. Cikin 1897, a ƙasar Indiya, wani likita Bature, Ronald Ross, ya ga ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro. Saboda haka kududdufin da rariyarku ta tara a bayan gida yana iya kwantar da ƙaninku, ko jaririn maƙwabta.

Mafi sauƙi duka shi ne a hana toshewar. Kun san abin tankaɗen gari shi ma rariya ne sunansa. To, ku sa wa rariya rariya: a kafa ragar waya a bakin kafar, a riƙa kwashe abin da ta tare kowace safiya. Sauran tuwo a ba kaji, leda a sa ta a kwandon shara. Kafin ruwan fari ya sauka, ku kira yaran unguwa ku taya manya yashe kwata tun daga farkon layi har ƙarshensa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau in an tashi daga makaranta, kowa ya zaga bayan gidansu ya duba ko ruwa yana gudu.