DAGA GIDAN RUMJI ZUWA GAZAWA: HANYAR MU, HANYAR KWALARA



Na bi babbar hanya daga Gidan Rumji. Na ratsa Maraɗi da Cadawa da Agye, na sauka Gazawa. Ko'ina na ga motoci da amalanke cike da 'yan kasuwa. Sai na tuna ciwon zawo da amai, wato kwalara. Ita ma wannan hanyar take bi.

Kwalara ba ta da ƙafa. Mutum ne ke ɗaukarta. Ƙwayarta na cikin kashin mai ciwo. In kashin ya taɓa ruwan sha ko abinci, wani ya kamu.

Amma kowace ƙasa da yadda take shigarta. A Indiya da Bangaladash, inda kogin Ganga ke faɗawa teku, ƙwayar na zaune cikin ruwa. Kowace shekara sai ta taso. A Haiti baƙuwa ce: a 2010 ta fito daga sansanin sojan Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bi kogi. A Yaman kuwa, yaƙi ya lalata famfuna, ta bazu ƙwarai a 2017.

A Afirka ta Yamma, wannan annoba ta iso a 1970. Nan wurinmu takan zo da damana, ta bi kasuwa da biki da zaman makoki. A watan Yuli na 2018 ta ɓulla a yankin Madarunfa, kusa da iyakar Jibiya. Daga nan ta kai Maraɗi da Gidan Rumji da Agye. Fiye da mutum 3,000 suka kamu a Nijar. A 2021 ta sake dawowa.

A Gidan Rumji na tsaya bakin gulbi. Ruwan sama na wanke dattin daji ya zuba cikinsa, ya zuba cikin tabki da rijiya marar baki.

To, me za mu yi? Mu tafasa ruwan sha. Mu gina masai nesa da rijiya. Mu wanke hannu da sabulu. In zawo ya kama mutum, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa. A dinga ba shi, a kai shi likita nan take. Kwalara na kashe babba cikin yini guda.

Wanda ya karanta, ya gaya wa maƙwabcinsa.