DAGA KADEMI ZUWA BIRNI: HANYA BA NISA, SAI WAHALA

A wannan fitowar ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in kun daure kun karanta har ƙarshe za ku ga ita ma soyayyar ba ta tsira daga abin da zan faɗa ba. Yau mota za mu hau tare, daga Kademi har cikin birnin Kano, don 'yar birni ta san abin da 'yar uwarta ta karkara take sha kafin ta iso, ita kuma 'yar karkara ta san ba ita kaɗai abin yake ci wa tuwo a ƙwarya ba.

Ga wadda ba ta sani ba, Kademi gari ne a ƙaramar hukumar Gaya, gabas da Kano, muna maƙwabtaka da mutanen Ajingi, ana auratayya, ana cin kasuwa tare. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake. Masu tarihi suna cewa Abagayawa, maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala, daga ƙasar Gaya suka taso suna neman tama. Kun ga ke nan tun kaka da kakanni mutumin Gaya matafiyi ne zuwa Kano. Bambancin kawai, su da ƙafarsu suka taka, ba wanda ya ce musu, “Hajiya, ɗan matsa mana.”

Tafiyar tana farawa ne tun da asuba. Wadda take cikin gari da sauƙi, ta taka ta isa bakin tasha. Amma wadda take ƙauyukan gefe, sai ta nemi ɗan acaɓa tukuna, ta tattare hijabinta da kyau don kada ya shiga ƙafar babur, ta ƙanƙame ƙarfen baya saboda kunyar riƙe namiji. In damina ce, taɓo ya fantsale mata zani. In hunturu ne, ta iso fuska fari fat, gira da gashin ido duk ƙura, kai ka ce daga wajen niƙa ta fito. Hoda da kwallin da aka ɓata lokaci ana shafawa a gaban madubi, sun zama tarihi tun ba a je ko'ina ba.

To, an zo tasha. Da isarki za ki ji ɗan kamasho yana kwarara ihu, “Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!” Wallahi 'yan uwa, in kuna neman maganar da ta fi alƙawarin saurayin zamani rashin tabbas, to wannan ce. Ki leƙa ki ga mota kamar ta cika, ki biya, ki shiga, ki zauna. Can sai ki ga ɗaya ya zame ya fita wai zai sayo goro, wani ya bi bayansa wai zai kama ruwa, ashe dama 'yan zaman tasha ne aka zuba don a ja hankalin fasinja. Sai ki waiga ki ga ku uku ne rak. Rana ta fito, ta take, gumi ya fara tsatstsafowa, mai awara ta zo ta wuce, mai ƙwai ya zo ya wuce, shi kuwa yana nan yana ta, “Saura mutum ɗaya!”

In Allah ya sa ta cika, sai a shiga babin matsi. Ƙaramar motar da aka ƙera don mutum 3 a baya, 4 ake zubawa, ban da yara, don yaro a cinya ba ya cikin lissafi. Gidan gaba mutum 2, wani lokacin har direba ya ɗan karkace ya raba kujerarsa da wani, in zai sa giya sai ya ce da mutum ya ɗaga ƙafa. But kuwa an danƙare shi da buhuna, an ɗaure da igiya, ga kaji ana jin kukansu. A nan ne mace take gane ita mace ce. Namiji zai baje ya zauna yadda ya so, ke kuwa ki takure, ki haɗe gwiwa, ki sa jaka a tsakaninki da na kusa da ke. Akwai masu mutunci, Allah ya saka musu, da za su ce a haɗa mata wuri ɗaya. Akwai kuma marasa ta ido, waɗanda duk ramin da mota ta faɗa sai su mai da shi dalili. In kin yi magana a ce kin cika tsiwa, in kin yi shiru ki sauka da baƙin ciki cunkus a ƙirji.

Mafi yawanmu, ko daga Kademi aka taso, ko Gaya, ko Ajingi, sai an bi ta Wudil an haye gadar nan ta kan kogi. Gaskiya wurin akwai kyau, musamman da safe: ga masunta a cikin kwalekwale, ga shuke-shuke kore shar a bakin ruwa, ga 'yan tallan soyayyen kifi suna rufe mota da an ɗan tsaya. Amma ina ba ku shawara, in ba dole ba kada ku sa tafiyarku ranar Juma'a. Ranar ce kasuwar Wudil take ci, kasuwar da karar shanunta ta yi suna har kudancin ƙasar nan. Tireloli, a-kori-kura, amalanke, masu jan shanu, masu kora tumaki, kowa a kan titi ɗaya. Wurin da za ki wuce cikin ƙiftawar ido sai ki share lokaci mai tsawo kina shaƙar hayaƙi.

Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne kacal. Babban titin Kano zuwa Maiduguri ne, wanda aka ba da kwangilar mai da shi tagwaye tun 2006, zamanin Obasanjo, aka kuma share sama da shekara 10 ana fama da aikin. Yarinyar da aka haifa shekarar da aka fara, yanzu wata ma tana ɗakinta da goyo. Inda titin ya yi kyau kuma sai wata sabuwa ta ɓullo, wato gudu. Direba ya take mota kamar zai tashi sama, tsofaffi suna ta salati, in an ce ya rage sai ya ce, “Baba, sawu nawa kike so in yi a rana in ba haka ba?” Ba a rasa shingen masu kaki a hanya, a tsaya, a gaisa da hannu a dunƙule, a wuce. Taya kuma in ta ga dama ta yi faci a tsakiyar daji, a sauke ku a gindin bishiya ana jiran yaron mota ya dawo daga wajen mai faci.

Kada ku ce na ɗora wa direbobi laifi duka, su ma abin tausayi ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ga kuɗin tasha, ga balas ɗin mai mota, ga bakanike, ga cefanen gida. To ina zai fanshe? A jikina da jikinki. Shi ya sa mutum 4 a baya, shi ya sa gudu, shi ya sa kuɗin mota ya tashi har ziyarar dangi ta koma sai biki ko mutuwa. Kafin wannan ma, a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, an ga tashin hankali: mutum da kuɗinsa a banki amma ba takarda a hannu, direba ya ce shi bai san tiransifa ba, mai POS kuma ya yanki rabonsa son ransa.

Ƙamshin goro in ya bugi hancinki, to an iso Mariri. Kada ki ce alhamdu lillahi an gama, yanzu aka buɗe sabon shafi. Daga nan ko Hotoro sai ki nemi Adaidaita Sahu. Ƙannena da yawa ba su san asalin wannan suna ba. A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka kawo waɗannan babura masu ƙafa uku, kuma domin mu mata aka kawo su, don a raba mu da hawan acaɓa. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birni, sai kowa da kowa ya dawo cikin Adaidaita. Abin da aka yi don sirrin mace, yau sai ki ga ƙato ya faɗo kusa da ke ko sallama babu. Ga ciniki kamar ana sayen akuya. Da ya ji harshenki ya gane daga ƙauye kike, sai kuɗi ya ƙaru. A Janairun 2022 da suka tafi yajin aiki kan kuɗin rajista, Kano ta ga ta kanta: ɗalibai, ma'aikata, masu ciki, kowa ya koma sayyada.

Kuma duk abin da ya kai ki, ko Kantin Kwari sayen kayan lefe, ko Sabon Gari haɗa kayan ɗaki, ko dubiya asibiti, rabin hankalinki yana kan rana. La'asar tana yi gabanki ya fara faɗuwa, don in magariba ta riske ki a tasha, motoci sun yi ƙaranci, kuɗi ya ƙaru, a gida kuma ana can ana leƙen hanya. Namiji in ya yi dare an ce ya sha hanya. Mace in ta yi dare, sai an tambayi inda ta tsaya.

Wata rana a mota na zauna kusa da wata dattijuwa da jikarta, yarinya ba ta fi shekara 17 ba, ta rungume fayil a ƙirji, idonta ya yi jawur. Na gaishe ta, na ce, “Iya, lafiya kuwa?” Ta ce, “Ina fa lafiya 'yar nan. Jarrabawar shiga jami'a ta zo, aka tura ta wata cibiya a birni, wai da sassafe. Tun kiran sallar farko muke tsaye, mota ba ta cika ba sai da rana ta fito. Muna zuwa aka ce an rufe ƙofa.” Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, “Ubanta dama da ƙyar ya yarda. Yanzu cewa zai yi Allah bai nufa ba, ga mai nema nan a ƙofa.” Mota ta yi tsit. Har wanda yake ta surutun siyasa tun daga Mariri sai da ya ja bakinsa.

Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, dole sai an je cibiya. Ga jami'a nan a Wudil tun 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, kusa da mu kamar a miƙa hannu. Amma uba nawa ne zai iya kuɗin motar kullum? Uwa nawa ce hankalinta zai kwanta 'yarta tana tsaye a bakin titi? Mai naƙuda nawa ce aka tura babban asibiti a birni, aka tsaya neman shatar mota, lokaci yana tafiya? Mu a wajenmu wahalar mota ta wuce ciwon baya da ƙurar hanya. Tana cinye karatu, tana cinye lafiya, wani lokacin har rai.

Akwai kuma wata ƙofa da wahalar nan take buɗewa, ita ce na ce soyayya ba ta tsira ba. Kina tsaye rana ta dafa ki, ƙafa ta yi tsami, sai ga wata mota mai sheƙi ta ja birki a gabanki, gilashi ya sauka a hankali, sanyi da ƙamshi suka bugo ki. “'Yanmata, ina zuwa? Zo in rage miki hanya.” Ƙawata, a littafi ne irin wannan yake ƙarewa da ɗaurin aure da gida a Nasarawa. Mu da muke rubuta littattafan mun fi kowa sanin inda muka ƙara gishiri. A zahiri da yawa sun shiga don gudun wahalar awa ɗaya, sun fito da ta shekaru. Gara matsin mutum 4 a bainar jama'a da sararin kujera ke kaɗai da wanda ba ki san asalinsa ba.

Don haka ga 'yar guzurina gare ku. Ki hau mota a tasha, inda aka san direba aka san motarsa, ban da tsintar ta bakin hanya. In jarrabawa ce ko ganin likita, ki tafi tun ana gobe ki kwana wajen dangi, kada ki dogara da “saura mutum ɗaya”. Ki tanadi canji, ki ware kuɗin komowa a wani wuri daban. Ku haɗu ku biyu ko uku, ku kama layi ɗaya ku zauna. Wanda ya matse ki da gangan kuwa, ki buɗe baki cikin ladabi ki ce, “Malam, don Allah gyara zamanka,” yadda kowa zai ji. Ba ke ce da abin kunya ba.

Iyayenmu shugabannin tasha, don girman Allah ku riƙa haɗa mata wuri ɗaya, ba ya cin ko kwabo. Masu mulki kuma, da kuke zuwa har ƙofar gida neman ƙuri'ar mata lokacin zaɓe, motocinku sun san hanyar Kademi da Ajingi sarai. Bas ɗin ɗalibai mata ko guda ɗaya, mai tashi a kan lokaci ko ta cika ko ba ta cika ba, zai mai da yara da yawa aji.

'Yan uwa na Rano, Bichi, Ɗambatta da sauran wurare, na san ku ma kuna da naku, ku rubuto mu ji. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya tsare mana mutuncinmu a gida da hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai rai.

Taku har kullum.