Lokacin da Ɗaki Yake Rabin Garmaho

Garmaho ba shi da maɓallin ƙara murya, ba ya shan lantarki, ba ya cin batir. Da hannu ake yi masa wani, faifai ya riƙa juyawa sau 78 a minti ɗaya, allurar ƙarfe tana bin layin da aka tona a jikinsa tana karkarwa. Karkarwar ce take kaɗa wani siririn faranti, shi kuma ya tura iska ta bi bututu ta fito ta bakin ƙaho. Iyakar ƙarfinsa ke nan. Da zarar sauti ya bar ƙaho, sauran aikin na ɗaki ne: daɓensa, bangonsa, rufinsa da kayan da aka zuba a ciki.

Maƙeransa sun san da wannan tun farko. Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta naɗar murya a 1877, Emile Berliner ya zo da dabarar faifai shimfiɗaɗɗe bayan shekara goma. A 1906 kamfanin Victor na Amurka ya fito da Victrola, wanda aka ɓoye ƙahonsa cikin kabad aka yi masa ƙananan ƙofofi. In ana son murya ta tashi a buɗe su, in dare ya yi a tura su. Allura ma kala-kala ce, mai kauri don amo, siririya don sanyin murya, kuma ƙa'ida ita ce a canza ta bayan kowace fuska ta faifai, wato bayan minti uku ko huɗu. Wanda ƙarar ta dama duk da haka, sai ya cusa tsumma a bakin ƙaho ya huta.

A gidajen Ingila da Amurka na wancan zamani, yawanci katako ake shimfiɗawa bisa ginshiƙai, ƙarƙashinsa fanko. Irin wannan ƙasa tana amsawa. Girgizar kabad tana sauka ta ƙafafunsa ta shiga katakon, murya ta ƙara ɗan kauri. Amma fa tana da nata sharrin: mutum mai nauyi ya ratsa ɗakin, ko masu rawa su yi tsalle, sai allura ta yi tsallen nata ta karce faifai. Masu darduma kuwa sun lura da wani abu dabam. Darduma tana shanye siririn sauti, ta bar mai kauri ya wuce, kuma shuuu ɗin nan da allura take yi a kan faifai yana cikin siraran. Saboda haka garmaho ɗaya, faifai ɗaya, a falo mai darduma da labule ka ji shi da laushi, a ɗakin da ba komai ka ji yana tsaga kunne.

Sai maganar kusurwa. Ƙaramin ƙaho ba ya iya fitar da murya mai kauri sosai, shi ya sa tsofaffin faya-fayai suke fita kamar mai magana ta hanci. In aka ajiye garmaho a kusurwar ɗaki, bangon nan biyu da ƙasa sukan zame masa ƙarin ƙaho, su tattaro kaurin da zai watse su miƙo wa mai saurare. Dabara ce da ba ta cin ko sisi, kuma har yau masu tara tsofaffin na'urori suna bin ta.

Akwai dalilin da ya sa ɗaki ya fi tasiri a kan waɗannan faya-fayai fiye da na baya-bayan nan. Kafin 1925 kusan ba makirufo a harkar naɗa. Mawaƙi da makaɗa sukan cunkushe gaban wani babban ƙaho, ƙarfin muryarsu kaɗai yake tona layi a kan faifan kaki. Amon zauren da aka yi naɗar kusan ba ya shiga faifan, sai muryar tsurarta. Wato ɗakin mai saurare ne zai ara mata faɗi da zurfi. Ilimin amon ɗaki ma a lokacin jariri ne. A 1895 ne aka ɗora wa Wallace Sabine na Jami'ar Harvard gyaran wani zauren lacca inda kalma takan yi fiye da daƙiƙa biyar tana yawo kafin ta mutu. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure da daddare, yana ƙarawa yana ragewa yana auna lokaci, har ya gano yadda girman ɗaki da yawan abin da ke shanye sauti suke yanke tsawon amo.

Garmahon da ya fi yawo a ƙasashenmu ba mai kabad ba ne, ɗan akwatin nan ne mai mariƙi, irin samfurin HMV 102 da aka fara fitarwa a 1931. Abin saurare da harshenmu ma ya samu da wuri, domin tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya naɗi faya-fayai a Landan da harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Wannan ɗan akwati ya tarar da ɗakunan da maƙeransa ba su taɓa lissafawa ba, kuma a ganina ya yi dace.

Dubi soron ƙasa. Daɓe ne da mata suka buge da madaɓi aka shafe da makuba, yana da tauri amma ba ya girgiza, don haka taku ba ya sa allura tsalle. Bangon ƙasa mai kauri ne, fuskarsa ba sumul ba, sai ya warwatsa sauti maimakon ya wurgo shi kai tsaye. Ga tabarmi da buzu a shimfiɗe, ga mutane zaune a ƙasa cikin manyan riguna, su ma suna shanye kaifin muryar, kunnuwansu kuma daidai da bakin akwatin. A zaure mai bakan gizo, lanƙwasar rufin takan tara sauti a wani gurbi, har na zaune nesa kaɗan ya fi na kusa ji. Ɗakin jinka ya fi shanyewa, murya takan fita a bushe amma kowace kalma garau. Ɗakin amarya kam sai a hankali, don jeren tasoshi da kwanuka ba ya jin kiɗa ya yi shiru.

Daga baya siminti ya kori daɓe, kwano ya kori azara, yanzu kuma ga tayil har bango. Siminti da tayil kusan ba sa shanye komai. Sauti yakan yi ta kai da komo tsakanin bango biyu masu santsi, kuma kaifin ƙarfe da shuuu ɗin allura ma sukan tsira a wannan yawo. Rufin kwano marar silin yana ƙara nasa amon, in ruwa ya sauko kuwa sai a rufe akwati. Shi ya sa in matashi ya ji garmaho a falon zamani ya ce ashe haka kakanninmu suka sha wahala, ba na ganin laifinsa, amma hukuncin bai yi adalci ba. An kawo shaida ɗaya an bar ɗaya a gida.

Masu adana tarihi a yau sukan kwashe sautin tsofaffin faya-fayai kai tsaye daga allura zuwa kwamfuta ta waya, su goge ƙarar karce, su ɗora a intanet. Aiki ne mai kyau, domin faifan da aka yi da ƙaron ƙwaro yana fashewa in ya faɗi, zafi yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana cin layinsa. Sai dai wannan hanya ba ta bi ta ƙaho balle ta ɗaki. Gidan tarihin da yake da garmaho mai aiki, gara ya fitar da shi daga bayan gilashi ya kai shi tsohon soro, a shimfiɗa tabarmi, a sa sabuwar allura, a zaunar da masu ziyara a ƙasa kafin a yi masa wani.